Gidan wankan titi na 28 a New York da abin da ya sa na rubuto muku

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira ya kare ku. Ni direban tasi ne a birnin New York, shekarata goma sha tara ina wannan sana'a, kuma duk nisan nan jaridarku ba ta wuce ni, a waya nake karantawa in ina layin jiran fasinja a filin jirgi. Abin da ya sa na rubuto shi ne rahoton da kuka yi kwanakin baya kan gobarar da ta tashi a wani masauki, ba rahoton ne ya dame ni ba, maganar da naji wasu 'yan uwa sunyi a majalisarmu ta direbobi bayan mun karanta ita ce ta tsaya min a maƙogwaro, wai ai gidan banza ne, duk wanda ya mutu a ciki shi ya kai kansa. Na yi shiru a lokacin dan cikinsu akwai waɗanda suka girme ni, amma na koma gida na kasa barci, saboda akwai wani gini a garin nan da nake wucewa ta gabansa kusan kullum kuma na san labarinsa.

Duk 'yar kasuwar da ta taɓa zuwa sari New York daga Kano ko Yamai ko Kumasi ta san unguwar 'yan sari da ke Broadway wajen titi na 28, inda ake sayen turare da agogo da jakunkuna da gashin kanti da gilashin ido dozin dozin. Na kai hajiyoyi wajen ba adadi, na tsaya musu suna ciniki ina loda kwalaye a but. To a kan titin nan, gida mai lamba 28, akwai wani tsohon gini mai ƙofar baka irin ta coci, na shekara da shekaru ina faka mota a gabansa ban san komai a kansa ba, sai wata rana da yamma ana yayyafi na ɗauko wani tsohon Bature mai sanda, da muka zo daidai wajen yace min dan Allah in ɗan rage gudu. Na rage. Ya leƙa ta gilashi ya daɗe yana kallon saman ginin, can yace abokinsa a nan ya mutu. Nace Allah sarki, hatsari ne? Yace wuta ce, a 1977, kuma shi ne yaje ɗakin ajiye gawa ya shaida shi dan babu wanda yazo daga gidansu. Hannunsa na rawa a kan sandar nan yana maganar. Da na sauke shi ya miƙo min kuɗi fiye da na mita nace ya barshi, ya ƙi, muka rabu a haka ban ƙara ganinsa ba. Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance har na haɗa labarin.

Sunan gidan Everard Baths. Asalinsa coci ne da aka gina tun wajen 1860, daga baya ya koma zauren taro da kaɗe-kaɗe, sai a 1888 wani attajiri mai kamfanin giya, James Everard, ya mai da shi gidan wanka irin na Turkiyya, wato wankan tururi, kamar dai siracen da iyayenmu suke yi amma ɗaki guda ne ake cika shi da tururi mutum ya zauna yayi gumi sannan ya faɗa kududdufin ruwa, akwai masu tausa akwai ɗakin hutawa. Kar ka manta a zamanin yawancin gidajen hayar talakawan New York ba su da banɗakin wanka, dan haka zuwa gidan wanka ba abin kunya bane, har gwamnatin birni ta riƙa gina na talakawa kyauta. Shi Everard na masu kuɗi ne, 'yan kasuwa da 'yan siyasa da waɗanda suka sha suka yi tatul suna son su wartsake kafin su koma wajen matansu.

A hankali gidan ya canza. Kafin shekarun 1920 an riga an san shi a matsayin matattarar maza masu neman maza, 'yan luwaɗi kamar yadda jaridu suke rubutawa, kuma dalilin a fili yake, a lokacin dokar jihar New York ɗauri take yanke wa mai wannan aiki, mutum zai rasa aikinsa ya rasa gidan hayarsa in aka gano, to sai suka nemi inda namiji zai shiga ya tuɓe ya ɗaura tawul ba wanda zai tambaye shi me ya kawo shi. 'Yan sanda ma sun sani. Tun a 1903 sun kai samame wani gidan wankan da ake kira Ariston, wanda shi ne samame na farko irinsa da aka rubuta a tarihin Amurka, aka yanke wa mutum bakwai ɗaurin shekara 4 zuwa 20. Shi ma Everard an kai masa samame a 1919 aka kama manaja da mutum tara, aka sake komawa a 1920. Amma gidan bai rufe ba, ya ci gaba shekara da shekaru, har jita-jita ta bazu a gari cewa 'yan sanda ne ke da shi a ɓoye saboda wasu fitilu biyu kore da ke bakin ƙofar irin na caji ofis. Jita-jita ce kawai, amma ta nuna maka irin zaman da ake yi, kowa ya san abin da ke faruwa kowa ya kau da kai.

Malam Edita bari in faɗi matsayina tun yanzu kar wani ya juya min magana. Ni Musulmi ne, na san abin da addinina ya ce a kan wannan aiki, ban rubuto dan in halatta abin da ba ni da ikon halattawa ba. Abin da na rubuto a kai shi ne yadda mutum tara suka mutu da safiyar Laraba 25 ga Mayu 1977, da kuma wanda ya kashe su, dan ni a ganina ba abin da suka je yi ne ya kashe su ba.

Kafin lokacin gidan ya lalace ƙwarai. An buɗe sababbin gidajen wanka masu tsafta, kamar Continental da aka buɗe a 1968 a ƙarƙashin otal ɗin Ansonia, wanda har ɗan asibitin gwajin ciwon sanyi da tunjere gare shi a ciki, to Everard sai ya zama na wanda ba shi da hali ko wanda ba ya son a gan shi sam, wasu ma kwana kawai suke zuwa yi dan ya fi otal araha. An yayyanka benayen sama zuwa ƙananan ɗakuna da falanki, kowanne ba ya wuce katifa ɗaya, lunguna ƙanana ga duhu, tagogin kuma an toshe su da allo daga ciki dan kar na waje ya hango. Hukumar kashe gobara ta riga ta ba mai gidan umarni tun a 1976 cewa ya sa bututun feshin ruwa a silin, irin wanda ke fashewa da kansa in yaji zafi. An sa bututun. Ba a jona shi da ruwa ba. Ka ji fa, bututu yana nan a saman kansu fanko.

Da safiyar nan wajen ƙarfe bakwai wuta ta kama, daga katifa ta fara, hayaƙi ya cika lungunan nan cikin mintoci, mutane suka farka cikin duhu ba su ganin tafin hannunsu, suna lalube suna neman taga suna cin karo da allo. 'Yan kwana-kwana da kansu sun ce allunan da aka toshe tagogin da su ne suka hana su kaiwa ga mutane da wuri. Waɗanda suka samu suka fasa suka fito suna rataye a jikin gini da tawul kawai, wasu aka sauko da su da tsani, ɗaya ya diro daga sama ya mutu. Mutum tara suka rasu, bakwai daga cikinsu hayaƙi ne ya shaƙe su, ƙaraminsu shekararsa 17, babbansu 40. Shekara goma sha bakwai, Malam Edita, sa'an ɗana na biyu. Benaye biyu na sama suka ƙone.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ko adadin mutanen da ke ciki ba a iya sani ba, an dai ƙiyasta tsakanin 80 da 100 ne suka fita, saboda gidan ba ya rubuta sunan kowa, kuma da yawan waɗanda suka tsira ba su tsaya ba, sun sulale sun bar wajen dan tsoron kyamarar 'yan jarida ya fi musu ƙunar wutar. Yawancin gawarwakin abokai ne suka shaida su ba dangi ba, kamar dai yadda tsohon nan ya faɗa min. Kuma ba wannan ne karo na farko ba, a 1973 a birnin New Orleans an cinna wa wata mashayarsu mai suna UpStairs Lounge wuta mutum 32 suka mutu, wasu iyalan suka ƙi zuwa karɓar gawa, wasu coci-coci suka ƙi yi musu addu'a, aka binne wasu a maƙabartar marasa galihu ba ko alama.

Yanzu ga tambayar da na daɗe ina yi wa kaina a bayan sitiyari. Ɗaruruwan mutane suna shiga gidan nan duk sati, cikinsu akwai lauyoyi akwai malaman makaranta akwai ma'aikatan gwamnati, masu ilimi da suka san doka sarai, sun ga tagar a toshe, sun ga wayoyin wuta a zazzage, sun ga babu hanyar gudu. Me ya hana ko mutum ɗaya yaje ofis ya kai ƙara ya tsaya a kai? Amsar ita ce wanda yake ɓuya ba ya kai ƙara. In ka je kace gidan kaza ba shi da ƙofar gudun gobara, tambayar farko da za a maka ita ce kai me ya kai ka ciki. Mai gida ya san haka, ya san kwastomominsa bakinsu a ɗinke yake, dan haka me zai sa ya yi gaggawar kashe kuɗi. Duba-gari ma ya san ba wanda zai bi sawun takardar in ta kwanta a tebur. Kowa ya samu wajen fakewa, sai waɗanda ke kwance a kan katifun.

Kuma wallahi wannan ne ya sa maganar 'yan uwana ta ƙona min rai, domin mu baƙin haure a garin nan mun fi kowa sanin wannan halin, mu ma ai ɓuya muke. Nawa ne a cikinmu suke kwana su shida su bakwai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ƙofa ɗaya, taga ɗaya ƙarama da ƙarfe a jiki, mai gida ba ya kunna ɗumin gida a hunturu sai ka sayi hita ka jona a soket ɗin da ya riga ya yi baƙi, kuma ba mai iya ɗaga waya ya kira hukuma saboda takardunsa ba su cika ba. Ni kaina na yi shekara uku a irin wannan ɗaki lokacin ina sabon zuwa, na'urar jin hayaƙin da ke silin ba batir a ciki, na faɗa wa mai gidan sau biyu, a na uku ya kalle ni yace in ba na so ga ƙofa nan, akwai mutum goma da ke jiran ɗakin. Na haɗiye na koma na kwanta, ina zan je.

A watan Maris 2007 a unguwar Highbridge nan Bronx wuta ta tashi a gidan wasu 'yan uwanmu 'yan Mali, daga wayar hita, mutum 10 suka rasu tara yara ne, na'urorin hayaƙin gidan ba batir. Ɗaya daga cikin magidantan direban tasi ne irina, yana kan aiki matarsa ta kira shi a waya tana cewa wuta, kafin ya iso ya yi wani abu an gama, ya rasa ta da 'ya'yansa huɗu. Sannan ranar 9 ga Janairu 2022 a ginin Twin Parks mai hawa 19 shi ma nan Bronx, hita ce kuma, mutum 17 suka rasu takwas yara, yawancinsu 'yan Gambiya Musulmi, kuma duk hayaƙi ne ya kashe su ba harshen wuta ba, saboda ƙofar da doka ta ce dole ta rufe kanta ba ta rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya hau har sama. Na je jana'izar, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, akwatuna goma sha biyar a jere wasu ƙanana, manyan maza suna kuka a titi ba mai jin kunyar kowa. Ko a 2021 da ruwan guguwar Ida ya cika gari, mutum 11 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka nutse, yawancinsu baƙi. A lokacin akwai 'yan gari da suka riƙa cewa ai su suka cusa kansu, waye ya ce su zo ƙasar, waye ya ce su haifi yara da yawa su cunkushe a ɗaki. Mun ji zafin wannan magana har cikin ɓargo. To ita ce fa maganar da muka maimaita a majalisa a kan mutanen masaukin nan, sai dai mun canza wanda ake faɗa wa.

Na san wani zai ce min ya za ka haɗa yara marasa laifi da masu aikata alfasha. Ban haɗa aikinsu ba, na haɗa bututun da ba ruwa da ƙofar da ba ta rufewa, dan mai laifin iri ɗaya ne a duka biyun, wanda ya karɓi kuɗin mutane ya ƙi gyara saboda ya san ba za su iya magana ba, da ma'aikacin da aka ɗora wa dubawa ya ƙyale. Hisabin wanda ya mutu yana wajen Ubangijinsa, shi ya san yadda ya cika, ba a ba ni wannan littafin ba ba a ba direbobin majalisarmu ba. Amma hisabin mai gini da duba-gari a nan duniya ake fara shi, kuma duk ranar da muka ce ai gidan banza ne, mun wanke su tas sun tafi gida sun yi barci. Kuma gobara ba ta tsayawa a katangar gidan da ta fara, maƙwabcin masaukin nan mai yiwuwa limami ne.

Ƙarshen Everard a gurguje. An gyara shi aka sake buɗewa bayan gobarar, a 1980 kotun ƙolin jihar ta soke dokar da ke hukunta manya kan wannan aiki, sai kuma a 1981 cutar kanjamau ta ɓulla ta shiga kashe matasa a garin nan kamar annoba. Aka yi ta jayayya ko a rufe gidajen wankan, wasu likitoci suka ce a rufe dan a nan cutar ke yaɗuwa, wasu suka ce in aka rufe mutanen za su watse cikin duhu inda ma'aikacin lafiya ba zai same su da kwaroron roba ko takardar faɗakarwa ba, su kansu masu zuwa wajen sun rabu biyu a kan maganar. San Francisco ta ba da umarnin rufe nata a 1984, New York ta rufe babban cikinsu St. Marks a Disamba 1985, Everard kuma aka rufe shi a 1986 zamanin magajin gari Ed Koch, saura shekara biyu ya cika ɗari. Ban ce rufewar ba ta da hujja ba, mutane na mutuwa da gaske. Abin da na lura da shi kawai shi ne hukumar da ta iya sa kwaɗo a ƙofar cikin 'yan watanni a 1986, da ta ga dama tana iya sa wannan kwaɗon a 1976 har sai an jona ruwa.

Roƙona gare ka da wakilanka, in an sake gobara a masauki ko gidan kallo ko gidan mata ko mashaya, dan Allah kafin a cika mana shafi da abin da mamatan suke yi a ciki, a tambayo mana ƙofa nawa ginin yake da ita, tagogin da ƙarfe ko babu, akwai tukunyar kashe wuta kuma tana aiki, yaushe rabon da wani jami'i ya leƙa, wa ya sa hannu a takardar izini, motar kwana-kwana ta zo da ruwa ko fanko ta zo. A buga amsar ko da mai ginin babban mutum ne. Waɗanda suka tsira daga irin waɗannan wurare ba za su taɓa zuwa ofishinku su yi bayani ba, kunya ba za ta bar su ba, in ku ba ku tambaya ba shikenan an binne maganar da gawar.

Ni dai yanzu Allah ya rufa asiri takarduna sun cika, dan haka a benenmu ni ne mai kiran hukuma, duk wanda ɗumin ɗakinsa ya ɗauke ko ƙofarsa ta daina rufewa sai ya ƙwanƙwasa min in kira da sunana, ba na tambayarsa addininsa ko me yake yi a ɗakinsa. Satin da ya wuce na kai wata hajiya sari titi na 28, ta shiga shago na tsaya ina jiranta daidai ƙofar bakan nan, yara 'yan dako suna ta fito da kwalaye suna raha, na ɗaga kai ina ƙirga tagogin sama har mai tikitin faka ya zo ya buga min gilashi.

Wassalam, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu,
direban tasi daga Bronx, New York